Ankon da Aka Gani a Faifai

An yi wata baiwar Allah a wani gari, ba zan faɗi sunan garin ba, don na san halinku, ina faɗa za ku fara tunanin wa kuka sani a can. Sunanta Tasalla. Ɗinki take yi a cikin gida da tsohon keken nan na ƙafa. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, ta aurar da su ɗaya bayan ɗaya da wannan keken, saura autarta, Raliya. Ba malama ba ce, ba 'yar wani ba ce. In kun haɗu a hanya ba za ka waiwaya ba.

Samarin da ke jikin ginshiƙin can, ku ajiye wayoyin nan ku saurara, labarin da ku nake yi.

Lokacin da nake faɗa waya ba ta shiga aljihun kowa ba tukuna. Zamanin faifan sidi ne, ana kallo a shagon aski da wajen mai shayi. A lokacin ne gambarar zamani ta shigo, wadda kuke kira hip-hop. Ni kuwa akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai game da waƙoƙin nan, har yau ban sami mai warware mini ba. Za ka ga mawaƙi ya sa riga kan riga, ga hula, ga ƙaton takalmi, ga sarƙa a wuya. Matan da ke kewaye da shi kuwa kamar gobara ce ta kore su daga ɗaki. To, jama'a, rana ɗaya ce fa ke dukansu. Yaya aka yi shi yake jin sanyi, su suke jin zafi? Shi ana nuna fuskarsa, ana rubuta sunansa, bakinsa bai tsaya ba. Su ba suna, ba magana, an jera su kusa da motar aro. Na taɓa tambayar wani saurayi, na ce waƙar nan a kan me ake yin ta? Ya ce a kan wahalar talaka. Na ce to ƙugun yarinyar nan me ya haɗa shi da wahalar talaka? Ya sosa ƙeya ya ce, "Malam, in babu su ba a saye."

To, a garin su Tasalla wani matashi ya ce shi ma sai ya yi irin ta waje. Ya nemi 'yan matan da za su yi masa rawa, kowace ta ce tana tsoron a gane ta a gida. Ya ce wannan mai sauƙi ne, ba za a nuna fuskar kowa ba, daga wuya zuwa ƙasa kawai za a ɗauka. Haka kuwa aka yi. Faifai ya fito, ga mawaƙi da kansa da hularsa, ga mata suna rawa babu kawuna.

Ɗaya daga cikinsu ta yi kuskuren da sai 'yar gida ce za ta yi shi. An ce mata ta zo da kayanta mafi kyau, ita kuwa kayanta mafi kyau anko ne. Watannin baya an yi bikin 'yar mai unguwa, aka fitar da atamfa shuɗiya mai zanen mafici, 'yan matan unguwa kaf suka yi ta. Masu ɗaukar hoto suka ga rigar ta rufe jiki da yawa, suka sa almakashi suka cire hannuwan, suka rage siket ɗin har gwiwa. Amma wuyan rigar suka bar shi yadda yake, da aikin da Tasalla ta yi wa kowace iri ɗaya, don ita ta ɗinka ankon duka.

Ana cikin kallo a shagon aski sai wani ya ce, "Kai, tsaya! Mayar da shi baya. Wannan ba ankon gidan mai unguwa ba ne?"

Kafin la'asar magana ta gama unguwa. Ku saurara ku ji abin mamaki. Dattawan da ba su taɓa sanin hanyar shagon faifai ba suka aika aka sayo musu. Wai bincike suke yi. A tsayar, a mayar baya, a sake kallo, ana salati ana ƙara matsawa kusa da talabijin. Faifan da da ba wanda ya kula da shi, sai da ya ƙare a kasuwa. Kowa tambayarsa ɗaya: 'yar gidan wa ce? Ban ji wanda ya tambayi ɗan gidan wa ne mawaƙin ba, alhali kowa ya san gidansu.

Duk yarinyar da ta yi ankon nan ta shiga uku. In ta fito ɗiban ruwa ana auna tsayinta da ido. Zargi kuma ya fi nauyi a kan Raliya, don tsayinsu ɗaya da mai rawar, kuma a gidansu aka ɗinka kayan. Ga shi an riga an sa ranar aurenta da wani yaro mai hankali, an kawo kayan sa rana, an raba goro da alewa.

Sai mai unguwa ya aika aka kira Tasalla. Ta tarar da shi a zaure tare da Alhaji Tanimu, kawun yaron da zai auri Raliya, wanda shi ne ya karɓi maganar auren. Aka kunna mata faifan. Ta kalla sau ɗaya, ta sunkuyar da kai, ta ce a kashe.

Mai unguwa ya ce, "Tasalla, ke kika ɗinka. Kin gane ta wace ce?"

Jama'a, a nan ne fa. Da ta ce ban gane ba, da magana ta mutu, ba mai kama ta. Amma ita ba ta saba ƙarya ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, na gane. Atamfarta ba ta isa ba, na yi mata ƙari a gefe, na ga ɗinkina."

Alhaji Tanimu ya gyara zama ya ce, "Madalla. To, wace ce?"

Ta ce, "Alhaji, ba Raliya ba ce. Wannan na rantse maka da Allah. Amma sunan ba zan faɗa ba."

Ya ce, "Malama Tasalla, kowace uwa haka za ta ce. Mu ba ma son mu kai ɗanmu inda za a riƙa nuna shi da baki. Ki faɗi suna ki wanke 'yarki, mu sha biki."

Ta ce, "Yarinyar nan ta tuɓe mayafi a gabana na auna ta, don ta amince da ni. Ba zan ɗauki abin da na gani a ɗakina in kawo zaure ba."

Aka yi juyin duniya, ta ƙi. Da suka ga haka sai suka kawo dabara. Tunda an yanke wancan ankon da almakashi, mai shi ba za ta iya fito da shi ba. Saboda haka aka sa rana, kowace yarinya ta kawo nata gidan mai unguwa, mata su duba. Wadda ta zo hannu sake, ita ce.

Raliya da ta ji haka har tsalle ta yi. Ta buɗe akwati ta ciro nata, ga shi nan lafiya lau da hannuwansa, a ninke yana ƙamshin turare. Ta ce, "Inna, Allah Ya wanke ni!"

Uwar ta tsayar da keke ta ce, "Auta, zo ki zauna."

Ta zauna.

Ta ce, "In kin kai naki, kowa ta kai nata, mutum nawa za su rage?"

"Ɗaya mana, Inna. Ai ita ta jawo wa kanta. Wa ya aike ta?"

"Ban ce ta yi daidai ba. Na je na same ta, na faɗa mata abin da uwa ke faɗa wa 'ya, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ce mata aka yi ba wanda zai sani. Amma na san ubanta. Ranar da ya ji, ba za ta sake kwana a gidan ba. In ta bar gidan, ina kike jin za ta? Wa zai karɓe ta in ba masu faifan ba?"

Raliya ta fashe da kuka ta ce, "Inna, ni ce 'yarki ko ita? Aurena fa za a fasa!"

Tasalla ita ma hawaye ya zubo mata. Ta ce, "Ke ce 'yata, shi ya sa nake iya roƙonki. Ke kin san ba ki yi ba, ni na sani, Allah Ya sani. In wannan auren ya tafi za ki ji ciwo, amma kina da gida, kina da ni. Ita in ta faɗi babu mai ɗaga ta. Ba zan tilasta miki ba. Kayanki ne, ga hanya nan."

Iyayena mata da ke bayan labule, na ji kun yi tsit. Ni ma na sha tambayar kaina, da 'yata ce, zan iya buɗe baki in roƙe ta wannan? Wallahi ban sani ba. Abu ne mai nauyi, kuma ba na son in mayar muku da shi kamar shan ruwa.

Raliya ta daɗe zaune da atamfar a cinya. Daga baya ta tashi, fuska a murtuke, ta mayar da ita akwati ta rufe.

Tasalla ta san in Raliya da mai rawar kaɗai suka ƙi zuwa, asiri bai rufu ba. Sai ta ɗauki mayafi ta shiga gida gida, wajen uwayen 'yan matan. Ba ta tsallake ko ɗaya ba, don kada a ce ga inda ta tsallake. Kowace uwa ta samu sai ta ce mata, "Tawa ba za ta kai ba. Ina roƙonki don Allah taki ma kada ta kai." Wasu suka ce ba ruwansu, 'yarsu sai ta wanke kanta. Wata har ta ce, "Da ma mun san taki ce, kike neman masu taya ki." Ta haɗiye, ta yi sallama, ta shiga gida na gaba. Amma wasu suka dubi 'ya'yansu, suka ce sun ji.

Ranar da aka sa, waɗanda suka kawo ba su kai rabi ba. Mata suka zauna tsuru tsuru da atamfofi a gaba, ba abin da za a gane. Mai unguwa ya ce shi ya gaji, a bar maganar.

Alhaji Tanimu bai bari ba. Ya aiko aka kwashe kayan sa rana, aka fasa auren. Raliya ta yi kuka, ta rame, ta daɗe ba ta yi wa uwarta magana sai gaisuwa. Masu kawo ɗinki suka ragu, wasu suka zo suka karɓe yadinsu ba a ɗinka ba. In Raliya ta wuce majalisar samari, sai wani ya fara rera waƙar nan ƙasa ƙasa. Mawaƙin kuwa sai ga shi ana gayyatarsa gidajen biki, ana yi masa liƙi.

Na ga kuna jira in ce daga baya wani attajiri ya zo da motoci ya aure ta. A'a. Wani mai gyaran keken ɗinki ne ya aure ta, wanda ke zuwa gidan in keken ya lalace. Ya ji duk abin da ake faɗa, ya ce shi gidan da ake iya riƙe sirri haka yake nema. Suka yi zamansu lafiya, da daɗi ba daɗi, kamar kowa. A bakin Raliya na ji wannan labarin.

Ta ce mini da ciwon ajali ya kama Tasalla, tana zaune a gefenta, sai ta ce, "Inna, yanzu kam shekaru sun ja. Ni da na biya da aurena, ba za ki faɗa mini ba?" Tsohuwar ta yi murmushi ta ce, "Auta, ba ni ruwa in sha." Iyakar amsar ke nan.

Ranar zaman makoki 'yan ankon nan suka cika gidan, duk sun zama iyaye, wata da goyo, wata ta aurar da 'ya, wata tana koyarwa a Islamiyya. Raliya ta ce ta zauna tana bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ko za ta ga wadda kukanta ya fi na saura. Ta ce, "Malam, duk kuka suke yi. Ban gane ba."

To, ku da kuka miƙo wuya tun ɗazu kuna jira in faɗi suna, ni ma ban sani ba. Wannan ƙaiƙayin da kuke ji yanzu, na son sanin wace ce, shi ne ya ƙarar da faifan a kasuwa.

Ga abin da nake so ku tafi da shi gida. An karantar da mu cewa wanda ya rufa wa ɗan'uwansa asiri, Allah zai rufa masa nasa ranar da babu mai rufawa sai Shi. Rufin asiri ba yarda da laifi ba ne. Tasalla ta yi wa yarinyar faɗa a ɓoye, ta bar mata ƙofar tuba a buɗe, kuma ita ta ɗauki asarar. Mu kuwa yau faifan yana aljihunmu. Ba sai ka je shagon aski ba. Za a turo maka hoton 'yar mutane tana rawa, ka kalla har ƙarshe, ka yi a'uzubillahi, ka tura wa mutum goma ka rubuta "Allah Ya shirya." Kai ne kasuwar, ɗan'uwa. Don kai aka cire mata hannun riga.

Masu waƙa, in akwai ku a nan, ku yi waƙarku, amma yarinyar da kuka tsayar a bayanku tana da suna, tana da uwa, kuma gobe za ta nemi wurin zama a cikin mutane. Sauranmu kuma, in irin wannan ya shigo wayarka yau, bari ya mutu a hannunka. Kada ka tambayi 'yar gidan wa ce. In ma ka gane ta, je ka nemi mai yi mata nasiha a ɓoye, sannan ka kama bakinka.

Allah Ya jiƙan Tasalla, Ya rufa mana asiri duniya da lahira. Ku tashi a tayar da salla.