Telan Da Ya Shiga Ɗaga Ƙarfe Saboda Matarsa

Akwai wani tela a tsohuwar unguwarmu, tun zamanin da ake ajiye benci a ƙofar kowane shago, duk wanda ya zo wucewa sai ya zauna an gaisa. Siriri ne ƙwarai, shi ya sa abokansa suka laƙaba masa suna Tsinke. Bai taɓa jin haushi ba. In an tsokane shi sai ya ce, "Ai ni na huta, yadi biyu ya ishe ni riga da wando."

Shagonsa na ƙasan wani tsohon bene, shi da matarsa kuma suna zaune a sama. Matakala goma sha takwas ce tsakani, ga tsayi, ga kwana a tsakiya. Matar tasa malamar firamare ce, kowa Malama yake ce mata. 'Ya'yansu mata biyu duk sun yi aure a nesa.

Kullum da safe za ta sauko da jakar littattafan 'yan aji, ta leƙa shagon ta ce, "Maigida, ka ci abincin da na ajiye maka fa, kada iska ta ɗauke mini kai kafin in dawo."

Haka suka yi shekara ashirin da shida.

Wata ranar Talata Malama ta yanke jiki ta faɗi a gaban allo. Hawan jini ne. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Bayan mako uku a asibiti aka sallamo ta, maza huɗu suka ɗora ta a kujera suka hau da ita sama.

Likita ya ce sai an riƙa kawo ta gashin ƙashi sau biyu a mako. Da farko maƙwabta na zuwa da gudu. Amma kowa da aikinsa. A hankali sai Tsinke ya koma bin shago-shago yana neman wanda zai kama. Ita kuma Malama, macen da ta saba tsayawa gaban aji ana shiru, sai ga ta a hannun maza ana ta "riƙe nan, ɗaga can", tana ƙoƙarin gyara zaninta da hannu ɗaya.

Ran nan ya ce bari ya gwada shi kaɗai, daga gado zuwa kujera kawai, don ya kai ta wanka. Ya rungume ta ya ɗaga. Gwiwoyinsa suka ƙi. Tare suka zube a ƙasa, kafaɗarta ta bugi ƙafar gado. Ya yi ya yi ya kasa mayar da ita, sai da ya kira wata maƙwabciya.

Da suka rage su biyu, Malama ta juya fuska bango.

Ta ce, "Maigida, ka bar ni a ɗakin nan. Ba zan ƙara sauka ba. Na gaji da a riƙa ɗaukata kamar buhu."

Ma'aikaciyar da ke yi mata gashin ƙashi ta gaya masa gaskiya: in ta daina zuwa, ƙafar za ta sandare, tafiya kuma sai dai wani ikon Allah.

A bayan layinsu akwai garejin wani dattijo da ake kira Baba Mai Walda. Can bayan garejin, ƙarƙashin wata rumfar kwano, matasa ke ɗaga ƙarfe. Ba wurin gayu ba ne. Gwangwanaye ne aka cika da siminti aka soka musu rodi, da tsohon aksul na mota, da benci mai ƙafa ɗaya ta bulo, da fasasshen madubi jingine da bango. Wanda ya taso a unguwar ba zai manta ƙarar ƙarfen nan da safe ba, da ƙaurin walda, da rediyon Baba da ba ya kama tasha sai an mare shi.

Sarkin wurin wani ƙato ne, direban babbar mota, ana ce masa Tarago. Damtsensa ya kai cinyar wani. Shi aikinsa ƙirji da hannu, sai kallon madubi.

Da Tsinke ya shigo da sassafe, da tef ɗinsa rataye a wuya don ya manta bai cire ba, Tarago ya fashe da dariya.

"A'a, Tela! Awo ka zo ɗauka? Ka matsa daga kusa da rodin nan, kada mu rikice mu ɗaga ka a madadinsa."

Wurin ya ɗauki shewa. Tsinke ya yi murmushi kawai, ya wuce wurin Baba, ya durƙusa ya gaishe shi. Ya faɗa masa abin da ya kawo shi, a hankali yadda ba wanda zai ji.

Baba ya ajiye gilashin waldarsa, ya daɗe yana kallonsa.

"Shekarunka nawa?"

"Hamsin da biyu, Baba."

"To, ba ka makara ba. Amma ka sani, ba hannu ke ɗaukar mutum ba. Cinya ce da ƙugu da baya. Kuma ni ba na koyar da mai zuwa yau ya ɓace gobe. Kwana uku a mako, ko ana ruwa. Ka yarda?"

"Na yarda."

Baba bai ba shi ko gwangwani ɗaya ba. Sandar tsintsiya ya ɗora masa a kafaɗa, ya ce ya tsuguna ya miƙe, baya a miƙe, diddige a ƙasa. Sau goma, a huta, a sake.

Tarago ya ce, "Baba, in ya gama sai ya share mana wurin, tunda ga sandar a hannunsa."

Washegari Tsinke da rarrafe ya sauko daga bene. Ko taka keken ɗinki ya gagare shi. Malama ta lura da yadda yake zama yana cije leɓe, ta tsare shi da tambaya har ya faɗa mata.

Ta ce, "Da girmanka? So kake mu zama majinyata biyu a gida ɗaya?"

Ya ce, "Ke dai ki yarda Baba Mai Walda da maƙwabcinmu su riƙa sauko da ke sau ɗaya a mako. Ki ba ni lokaci. In Allah ya yarda, da kaina zan sauko da ke."

Da ranar asibiti ta zo, sai ta sa mayafinta.

A mako na uku ya kusa bari. Ya tashi jiki duk tsami, ga ruwan sama, ga ɗinki ya taru. Ya zauna bakin gado yana cewa a ransa yau ɗaya dai ba komai. Sai ya ga Malama tana ta fama ta jawo kofin ruwa da hannunta mai ciwo, kofin na zamewa, tana sakewa. Ya sa takalminsa ya fita cikin ruwan. Shi kaɗai ya zo ranar. Baba ya kunna masa fitilar rumfa.

Daga sanda aka koma rodi. Daga rodi aka sa ƙananan gwangwanaye. Baba ba ya ƙara nauyi sai ya ga na jiya ya zauna daidai. A wata na huɗu ya cika masa buhu da yashi, ya ce ya riƙa hawa da shi benen gidansu yana saukowa, kowane mako a ƙara kwano ɗaya.

Tsinke bai zama ƙato ba, har yau siririn nan ne. Amma ciwon bayan da zaman keke ya sa masa shekara da shekaru ya tafi. Jarkar ruwan da yake hutawa sau uku kafin ya kai sama, ya koma ɗaukar biyu a tafiya ɗaya. Abinci ya fara shiga, barci ya yi daɗi. Daga gado zuwa kujera kuwa, tun a wata na biyar ya daina kiran kowa.

Ya kuma zauna a kekensa ya ɗinka wani majanyi na yadi mai kauri, ya ninka shi uku, ya bi da ɗinki layi-layi. Ya kai wa ma'aikaciyar asibiti ta duba, ta nuna masa yadda zai tallafe ɓarin da ba ya motsi.

A wata na bakwai, wata safiya, ya durƙusa a gaban gado ya juya mata baya.

Malama ta ce, "In ka kayar da ni fa?"

"Buhun ya fi ki nauyi, kuma shi ko addu'a ba ya yi mini."

Ta yi dariya, karo na farko tun da ta kwanta. Ya ɗaure majanyin, ya miƙe da cinyoyinsa yadda aka koya masa. Baba na gaba yana saukowa da baya-baya, ko da wani abu. Ɗaya, biyu, uku. A kwanar tsakiya ya tsaya ya ja numfashi. Ya ji hawayenta a wuyansa.

Ta ce a hankali, "Ni da na goyi biyu, yau ga shi ni aka goya."

Da suka iso ƙasa, mutanen layi sun yi cirko-cirko. Cikinsu har da Tarago, ya tsaya da makullin mota a hannu. Sai a ranar ya san dalilin zuwan tela rumfar Baba. Ya sunkuyar da kai ya wuce.

Daga nan ba su ƙara fashin asibiti ba. Ita ma Malama ta kama nata. Robar ruwa take cikawa tana ɗagawa da hannun hagu, tana ƙirgawa da ƙarfi kamar tana gaban 'yan aji ɗaya. Bayan shekara guda da rabi ta sauko benen da ƙafarta, da sanda, yana gabanta yana tarewa. Ta ce, "Maigida, matsa mana, ka tare mini hanya."

An yi kamar shekara uku, wata rana da hantsi sai ga Tarago a ƙofar shago, yana tafe a karkace, hannu dafe da ƙugu. Ya yi sallama, ya rasa ta inda zai fara.

"Yaya," in ji shi. Bai taɓa kiransa haka ba. "Mahaifina ne ya kwanta, irin ciwon Malama. Na sunkuya zan ɗaga shi, bayana ya riƙe. Ni da nake ɗaga aksul, wallahi tsohon nan ya gagare ni. Kwana biyu ke nan ba a yi masa wanka ba. Na san abin da na yi maka, amma..."

Tsinke bai bari ya ƙarasa ba. Ya ajiye almakashi, ya rufe shago.

"Ƙarfe ba ya jin zafi, ba ya jin kunya, shi ya sa yake da sauƙi. Mu je in gaida mahaifin naka. Yau ni zan ɗaga shi, kai ka kalla. In bayanka ya warware, sai mu koma rumfa ka fara daga farko."

Kuma haka aka yi. Mako biyu tela na zuwa gidan su Tarago safe da yamma. Bayan haka aka riƙa ganin ƙaton nan a rumfa yana tsugunawa yana miƙewa ba nauyin komai, siririn tela na tsaye a kansa yana cewa, "Miƙe bayanka. Sake."

Yau babu rumfar. Baba Mai Walda ya rasu, Allah ya jiƙansa, an rushe garejin an yi shagunan waya. Tsinke ya haura saba'in, furfura ta cika kansa, amma har yanzu ba ya dafa bango in zai tashi. Da yamma za ka gan su shi da Malama a benci a ƙofar shagon, tana yi masa faɗa wai ya cika saurin tafiya, ba ya jiran mutane.

Darasi: Ƙarfin gaske ba na madubi ba ne, shi ne wanda zai yi maka amfani ranar da naka ya buƙace ka. Ba a samunsa a kwana ɗaya, sai da naci, kaɗan-kaɗan, har a ranakun da jiki ba ya so. Kada ka ce ka tsufa, kada ka ce ka yi rauni, kuma kada ka raina wanda ya fara daga ƙasa, don ba ka san abin da ya kawo shi ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda wannan labarin zai sa ya fara gobe da safe.