Karkiyar da Sanda Ya Sassaƙa

Akwai wani Bamaguje mai suna Sanda a wani ƙauye kusa da Malumfashi, a shekarun farko bayan samun 'yancin kai. Shi ke kiwon bijimai biyu da ƙungiyar manoman ƙauyen ke huɗa da su.

A taron ƙungiyar, daga manya ake fara magana, a gangaro. Da an kira la'asar sai a tashi. Sanda kuwa can wajen takalma yake zama, layi bai taɓa isowa kansa ba.

Ya daɗe yana ganin karkiya, itacen da ake ɗora wa shanu a wuya, tana cin naman Goje, bijimin da ya raina tun yana maraƙi. Sai ya sassaƙa wata mai lanƙwasa, ya naɗe ta da audugar rimi. Ya kawo ta taro, ya ɗora a cinya yana jira.

Aka kira salla. Ya bi shugaba, Alhaji Maiwada, da sauri.

"Ranka ya daɗe, a duba wannan. Wuyan Goje ya fara ruwa."

Alhaji na neman takalminsa ya ce, "Kai Sanda, yaushe ka zama kafinta? Ba a sauya kayan ƙungiya sai taro ya yarda. Bari sai na gaba."

Na gaban ma haka aka tashi.

Damina ta kankama, ciwon ya zama gyambo, ƙudaje suka samu wurin zama. Wata safiya ana cikin huɗa Goje ya durƙushe a tsakiyar kunya, aka kira mahauci. Sanda ya ƙi karɓar kasonsa na naman. Bayan kaka ya kwashe iyalinsa ya koma Dandume.

Shekaru suka wuce. Alhaji Maiwada ya je kasuwar Funtua, ya tarar manoma na rububin wata karkiya mai lanƙwasa.

Ya tambayi mai sayarwa, "Wa ya ƙirƙiro wannan?"

"Karkiyar Sanda ke nan, Alhaji. Wani mutumin wajenku ne."

"Ina zan same shi?"

"Ai bara ya mutu."

Alhaji ya daɗe yana shafa itacen. A taro na gaba, bayan addu'a, ya juya wajen takalma ya ce, "Yau daga can za mu fara."

Darasi: Wanda ke zaune a gefe shi ya fi kusa da inda ciwon yake. Ku ba shi dama ya yi magana tun yana tare da ku. Ku tura wa duk shugaban da kuka sani.