Uwar da Ta Zuba wa Kaji Shinkafa

To, ku matso, ga wata nan tafe gare ku. Kai mai latsa waya, kife ta, don in na gama sai ka yanke hukunci kamar kowa.

An yi wata yarinya, Saude, 'yar aji biyar a sakandaren garinsu. Kai gare ta, ga baki kamar reza. Ita ce 'yar fari a ɗakinsu, kuma mahaifiyarta, Inna Habi, irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai "yarinyar nan". Saude ta san al'ada ce, amma sani bai hana abu ciwo. In ta ga iyayen ƙawayenta suna kiran sunan 'ya'yansu suna dafa kansu, sai ta kau da kai.

A ajin adabi suna nazarin wani tsohon littafin ƙagaggen labari. A ciki akwai saurayin da ya bi fatake, shekara da shekaru ba labari, har aka fid da rai. Ran da ya dawo ya yi sallama, uwarsa na zaune tana tsintar shinkafa. Ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce, "A ba baƙo ruwa."

Ranar taron iyaye aka zaɓi Saude ta yi sharhin wannan babi. Ta hau, ta karɓi lasifika, ta ce uwar nan muguwa ce, ba ta son ɗanta. Da a nan ta tsaya, da sauƙi. Ina! Bakin nan ya kwashe ta, ta ƙara da cewa, "Ni na san irin wannan uwa, ba labari aka ba ni ba." Mata suka soma satar kallon Inna Habi. Ita kuwa ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta fita a hankali.

Wayyo, kunya! Saude ta ji da ƙasa za ta tsage da ta shige. Ta wurga littafin bayan katanga, ta gudu gidan Goggo Tasalla, yayar babanta, ta rantse ita da makaranta har abada. Gida kuwa ba ta da idon komawa. Inna ba ta yi faɗa ba, ba ta aiko ba, kuma shirun nan ya fi bulala zafi.

Ta farko da ta tashi tsaye ita ce ƙawarta Ladidi. Ta tsallaka katanga ta tsinto littafin cikin ƙaya. Kullum da safe sai ta sa kayan makaranta ta zo zauren Goggo ta zauna, ta ce, "In ba ki je ba, ni ma ba ni zuwa." Saude ta zage ta, ta kore ta, gobe ta dawo. Har labari ya kai kunnen mahaifin Ladidi, ya zane ta. Washegari ta zo da sawun tsumagiya a ƙafa, ta zauna inda ta saba. Da Saude ta ga haka, sai ta ɗauki hijabinta, kai a sunkuye, ta bi ta. Ba don Ladidi ba, da ba ta ƙara buɗe littafin nan ba.

Na biyu shi ne malamin adabi, Malam Barau. Mutum ne da ba ya ba ɗalibi amsa, ko kuka kake yi. Bai yi mata wa'azi ba. Da aka tashi ya buɗe shafin ya ce, "Kin ce muguwa ce. Ina shaidarki? Nuna mini layin." Ta nuna inda aka ce a ba baƙo ruwa. Ya ce, "Wannan bakinta ne. Hannunta fa, me ya yi?" Saude ta ce ba a faɗa ba. Ya ce ta sake karantawa, a hankali, da yatsa. Ta karanta, ta sake, har haushi ya kama ta. Can sai yatsan ya tsaya a kan wani ɗan layi da ta sha tsallakewa: uwar ta juye tsakuwar a tukunya, ta watsa wa kaji shinkafar. Malam ya ce, "Matar da ta shekara talatin tana tsintar shinkafa, me zai sa ta yi haka?" Sai hawaye suka zubo wa Saude. Ba don Malam Barau ba, da har yau muguwa take gani.

Ta uku Goggo Tasalla ce. Ganewa daban, gyara daban, don Inna Habi ta riga ta ce ba ta zama inuwa ɗaya da wadda ta tozarta ta a bainar jama'a. Goggo ta je ta ba da haƙuri, aka ce mata ba komai, irin "ba komai" ɗin da kun sani. Ta koma, aka ce ta daina sa baki. Tsohuwa ta haɗiye. Rannan sai ta aika wai idonta ya dushe, Habi ta zo ta taya ta tsintar wake. Ba a ƙin kiran yayar miji. Da Inna ta zauna da faifai a cinya, Goggo ta ja ƙyauren gida, ta zauna a bakinsa, ta ce, "Saude, fito ki karanta mini labarin nan, in ji da kunnena." Ba don Goggo ba, da ba su haɗu ba.

Saude ta fito kamar kazar da ruwa ya daka. Ta durƙusa nesa, ta karanta. Da ta zo layin nan ta maimaita shi, ta ce, "Goggo, ni ce ban iya karatu ba. Baki kawai na saurara." Sannan ta ɗago ido ta dubi hannun mahaifiyarta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ga fuska a ɗaure, amma kajin Goggo sun taru a gabanta suna ta caccakar lafiyayyen wake. A faifai ba abin da ya rage sai ƙwari da tsakuwa.

Inna ba ta dube ta ba. Sai ta dubi Goggo, ta ce, "Yaya, ki ce wa yarinyar nan a dawo gida. Tuwon da ake rufe mata kullum yana ta lalacewa." Ashe tun ran da ta gudu ake rufe mata kwano. Saude ta kifa kai a gwiwa, kunyar yau ta fi ta ranar taro.

Da suka koma gida Inna ta kama farin zakaranta guda ɗaya tilo, ta ɗaure ƙafafunsa, ta ajiye a gaban Saude, tana kallon bango ta ce, "A kai wa wanda ya dawo mini da abina."

Saude ta fito ƙofar gida da zakara a hannu, ta tsaya. Ga hanyar gidan su Ladidi, ga ta gidan Malam, ga ta gidan Goggo, zakara kuwa ɗaya ne, kuma Inna ba ta ce a yanka a raba ba.

To, ku da kuka ji, ƙofar wa ya kamata ta nufa da shi?