Baƙin Mai a Ramin Gafiya

Akwai wani magidanci a wani ƙauye, yana da tsohuwar motar ɗaukar kaya, yana kuma da baki. Duk inda direbobi suka taru sai ya daki bonet, ya ce duk ƙasar nan babu injin da ya kai nasa tsabta. Alhali kuwa ya fi shekara rabon da ya canja mata baƙin mai. In ya ragu sai ya ƙara kaɗan, ya rufe, ya kama hanya.

A tsakar gidansa akwai rijiya wadda mahaifinsa ya haƙa da hannunsa tun yana da ƙarfi. Ruwanta garai-garai ne, ko da bazara ba ta ƙafewa, har maƙwabta ma a nan suke ɗiba. Tsohon yanzu idonsa ya yi rauni, yini yake a gindin mangwaro kusa da ita yana sauraron ƙarar guga.

Ana nan sai motar ta fara tari da hayaƙi. Mutumin ya ce ba bakaniken da zai taɓa ta, shi da kansa zai wanke injin a gida. Ran Asabar da safe ya shige ƙarƙashinta da sifana, ya tara tsohon daro, ya kwance notin ƙasa. Abin da ya fito ba za a kira shi mai ba. Baƙi ƙirin, da gudaji, yana ɗiga da kyar kamar kwalta. Ya mayar da noti, ya zuba kananzir gauraye da ɗan mai, ya tada inji na ɗan lokaci, ya sake tsiyayewa a wani daron. Sau biyu ya yi haka. Sa'an nan ya sa sabuwar filta, ya ɗura sabon mai. Da ya murza makulli, injin ya tashi lafiya lau, ba tari ba hayaƙi.

Saura daro biyu na ƙazanta a tsakar gida.

Matarsa ta ce, "Baban Lami, ka juye wannan a jarka ka kai gareji mana. Kafintoci suna zuwa can suna karɓa, suna shafa wa katako saboda gara."

Ya ce, "In kai wa su wa? Su Dogara bakanike? Su leƙa jarka su ga abin da ya fito daga cikin motata? Ai kafin in iso gida an yi mini waƙa a tasha."

Sai ya hango ramin gafiya a jikin katanga, taku kaɗan daga rijiyar. Ya yi dariya ya ce wa matar, "Kullum kina kukan gafiya tana cinye miki gyaɗa. To, yau na kawo mata miya." Ya durƙusa ya juye daro na fari. Ramin ya shanye tas. Ya juye na biyu, shi ma ya wuce.

Tsohon ya ɗaga kai ya ce, "Warin me nake ji haka?"

"Maganin gafiya ne, Baba."

"Ramin nan ban san inda ya nufa ba. Kai ma ba ka sani ba."

Mutumin ya miƙe tsaye. Ya tura ƙasa da ƙafa ya toshe bakin ramin, ya share wurin, ya tafi tasha yana ta hon. Duk rani ba abin da ya faru, har shi kansa ya manta.

Da ruwan fari ya sauka, aka kwana biyu ana shatata. Rana ta uku matar ta jawo guga, sai ta ga launi-launi yana yawo a kan ruwan kamar bakan gizo. Ta sansana, kananzir. Kafin ta yi magana, ƙaramar 'yarsu Lami ta riga ta sha daga tulun da aka cika da sassafe. Yarinyar ta yini tana amai, sai da aka kai ta asibiti ta kwana uku.

Maƙwabta suka taru a bakin rijiya. Mutumin ya fi kowa ɗaga murya, yana cewa, "Wannan aikin mahassada ne! Wani ya shigo ya zuba mana!" Matarsa ta dube shi.

Aka kira mai yasar rijiya. Ya kwashe ruwan ƙarƙaf, da gari ya waye launin ya dawo. Ya sake kwashewa, ya sake dawowa. A karo na uku ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka yana lalube bango. Can ya fito, ya miƙa hannunsa a gaban jama'a, baƙi har gwiwar hannu.

Ya ce, "Maigida, mahassadinka ta ramin gafiya ya shigo, kuma yana da mota. Ƙasar gefen nan duk ta jiƙe da shi. Ko shekara goma zan yi ina yasa, abin zai riƙa tsattsafowa. Ku cike ta kafin ta kashe wani."

Ba wanda ya yi dariya. Ranar da ake cike ta, tsohon ya ce a kama hannunsa a kai shi bakinta. Ya tsaya yana jin ƙasa tana faɗawa ciki, har ƙarar ruwa ta daina. Sai ya ce wa ɗansa, "Wata bakwai na yi ina haƙa ta, uwarka tana jan ƙasa." Ya koma ɗaki. Bai ƙara zama a gindin mangwaron ba.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Injin shi ne zuciyar mutum, baƙin man kuma zunubin da ya daɗe yana taruwa a ciki. Mutumin nan bai yi laifi da ya so wankewa ba. Laifinsa shi ne kunya ta hana shi kai ƙazantar inda ake karɓarta. Yesu ne mai karɓa, ba ya kuwa yi wa mai tuba dariya. Amma da yawa a cikinmu mun fi tsoron bakin mutane. Muna zuwa sujada fes, murya ta fi ta kowa a waƙa, abin da ke cikinmu kuma mu juye shi a gida: tsawa ga mata, duka ga yara, ƙaryar da aka binne aka share wurin. Rijiyar ita ce iyalinka, da bangaskiyar da iyayenka suka sha wahala suka bar maka. Abin da ka ɓoye bai ɓace ba, yana tafiya a ƙarƙashin ƙasa, kuma ba kai ne za ka fara sha ba. Ƙaramin cikin gidanka ne.

Saboda haka in akwai abin da kake riƙe da shi yau, ka furta shi a gaban Ubangiji, ka je wurin wanda ka cuta ka faɗa masa da bakinka. Kunyar yini ɗaya ce. Ka yi shi tun ruwan gidanka yana shawuwa.