Yadda 'Yan Tsaki Suka Samu Launuka

Dalilin da ya sa kaza ɗaya take ƙyanƙyashe 'yan tsaki kala-kala, wani baƙi, wani ja, wani fari, shi zan faɗa muku yau. Ke Ladiyo, share hawayenki ki matso kusa da ni. Don yayarki ta ce ta fi ki haske ba abin kuka ba ne.

A da can, kaji duk farare ne tas, kuma suna ji da wannan farin nasu. Ita kuwa Zabuwa baƙa ce wuluk, babu ko ɗigo a jikinta. Idan ta zo wucewa ta bayan gari, sai kaji su ɗauke kai.

Wata damina, Zabuwa ta yi ƙwai a gindin wata sabara. Tana cikin kwanci tarkon maharbi ya kama mata ƙafa. Da ƙyar ta kuɓuta, amma zama ya gagare ta. Ga hadari ya haɗo, ƙwan kuma sun fara yin sanyi. Sai ta riƙa mirgino su da baki, tana ɗingishi, har bakin akurki.

Ta ce wa babbar kaza, "Yaya, ki taimaka ki rufa mini su. In suka huce, shi ke nan na rasa su."

Babbar kaza ta dubi ƙwan a wulaƙance ta ce, "In rufa su, su fito baƙaƙe, su ɓata mana zuri'a? Yi gaba."

Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kowacce da uzurinta. Can a lungu akwai wata 'yar kaza da ake kira Guntuwa, tana kwance a kan nata ƙwan. Ita ce ta ce, "Turo su nan, 'yar'uwa. Fiffikena gajere ne, amma za mu matsa."

Zakara ya ce, "Guntuwa, kin dai san abin da kike yi ko?"

Ta ce, "Maigida, sanyi suke ji. Iyakar abin da na sani ke nan."

Ta kwanta a kansu duka. Idan na gefe ya fara hucewa, sai ta jawo shi tsakiya, ta tura na tsakiya gefe, har ta daina gane wane ne nata.

Ranar da suka ƙyanƙyashe, aka wuni ana ruwa. Akurkin ya yi yoyo, jar ƙasar daɓen ta jiƙe ta zama taɓo. 'Yan tsakin suka cusa kai ƙarƙashin Guntuwa, jiƙaƙƙu, suna gogar juna don neman ɗumi. A lokacin launinsu bai gama kamawa ba. Baƙi ya shafi fari, fari ya ɗiga a kan baƙi, jar ƙasa ta shafi wasu.

Da rana ta fito, Guntuwa ta miƙe, sai ga su sun watsu a tsakar gida, babu biyu masu kama ɗaya. Kaji suka kwashe da dariya.

Zakara ya ce, "To, sai ki ware naki, a mayar da sauran daji."

Guntuwa ta yi ƙut-ƙut sau ɗaya, dukkansu suka rugo ƙarƙashinta. Ta ce, "Ka gani? Duk wanda ya ji ɗumina nawa ne."

Zabuwa ta zo, ƙafa ta warke. Ta ga 'ya'yanta da rai, kowanne da ɗigo-ɗigon fari a bayansa. Guntuwa ta ce, "Ki yi haƙuri, sun ɗan ɓaci."

Zabuwa ta ce, "Ba zan taɓa wanke musu shi ba. Ina so su riƙa tunawa da wadda ta rufa su."

Shi ya sa har yau za ku ga zabuwa da fararen ɗigo, kaza kuma tana fito da 'ya'ya kowanne da launinsa, kuma ko ƙwan wa aka sa mata, za ta kwanta a kai. Ku ma da kuka fito daga ɗumi ɗaya haka ne. Ladiyo, matsa wa yayarki wuri a tabarmar.