Gonar Ƙadangare a Zara

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan bakin murhu.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

An yi wani Ƙadangare, malalaci na ƙarshe, ya auri 'yar Shamuwa. Duk damina in surukarsa ta aiko ya zo gayya, sai ya ce, "A ba Inna haƙuri, ina fama da tawa gonar."

In an tambaye shi inda gonar take, sai ya nuna Zara, tauraruwar nan mai haske da kuke gani bayan magariba. "Can take. Ƙasa ce mai sanyi, geron ma har ya fi ni tsawo." Ya san ba mai zuwa dubawa.

Ya manta surukar tasa matafiyiya ce. Ran nan sai ga ta da sassafe. Ta ce, "Hau bayana, yaro, mu je in sa wa gonar albarka."

Kun san suruki ba ya musu da suruka, ba ya kuma ƙorafi a gabanta. Dole ya hau.

Suka yi ta tafiya, suka yi ta tafiya, har suka iso wani gajimare ruwan ɗorawa da ya lulluɓe Zara. Shamuwa ta ce, "Ni a nan sama zan tsaya, gwiwoyina sun tsufa. Sauka ka kama aiki." Ta sake shi.

Ya dira. Ba ciyawa, ba rijiya, sai duwatsu masu zafin da ko dalma ka ajiye narkewa za ta yi kamar man shanu. Nan da nan kansa ya yi ja wur.

Shamuwa ta leƙo. "Yaya gona, yaro?"

"Lafiya lau, Inna."

"Yaya zafi?"

"Lokacinsa ne, Inna."

Iskar can kuwa ba ta shaƙuwa, ga nauyi kamar an ɗora maka rumbu. Ta danne shi, ciki a ƙasa. Ya yunƙura, ta mayar da shi. Ya yunƙura, ta mayar da shi.

"Me kake yi haka, yaro?"

"Noma ne, Inna. Haka muke yinsa a nan."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Inna."

Can ya ga sama ta haɗa hadari, ya hangame baki. Ashe ruwan can mai cin fata ne, kuma tun kafin ya iso ƙasa zafi ya shanye shi. Ko ɗigo bai samu ba.

"Yaya ruwa, yaro?"

Da ƙyar ya ce, "Ruwa ya yi gyara, Inna."

Ta ce, "Madalla. To, ni zan koma, in rana ta faɗi in zo in ɗauke ka. Sai dai ranar nan ba ta da sauri. Kafin ta faɗi, an girbe gero a gida."

A nan fa na tausaya masa, 'ya'yan nan. In ya yi shiru, ya gasu. In ya faɗi gaskiya, da wane ido zai dubi suruka?

Shamuwa ta ce, "Ko ka fi son tsohuwar fartanyata?"

Ya gyaɗa kai.

"Ban gani ba, idona ya tsufa."

Ya sake gyaɗawa. Ya yi ta gyaɗawa har wuya ya yi ciwo, sannan ta sauko ta sure shi. Wannan daminar shi kaɗai ya nome gonar Inna, har da maimai.

Shi ya sa har yau jangwada, namijin ƙadangare, kansa ja, cikinsa a ƙasa, ko ba a tambaye shi komai ba yana ta gyaɗa kai. Duk wanda ya yi ƙarya don gudun aiki, wata rana za a raka shi har inda ya nuna.

Kai kuma Ɗanliti, da ka ce ciwon ciki ya hana ka kai wa Baba fura gona, gobe ni da kaina zan duba cikin.

Ƙurunƙus, kan jangwada.