Tagullar da Sarki Ya So Ya Rataya

A wani zamani mai nisa an yi wani sarki, Zubairu, mai adalci, talakawansa suna ci suna ƙoshi. Rauninsa ɗaya ne: son tsofaffin lambobin ƙasashen nesa, na azurfa da na tagulla. Fatake kuwa sun gano shi sarai, ba mai shigowa gari sai da lamba a aljihu da labarinta a baki.

Wadda ya fi ƙauna wata ƙatuwar tagulla ce mai hoton hasumiya. Wani falke, Tankari, ya sayar masa, ya rantse sarkin wata ƙasa ta gabas ne ya rataya ta ranar naɗinsa. Da labari ya zo cewa jakadan ƙasar nan yana tafe, Sarki ya ce da ita a wuya zai tarbe shi, ya miƙa wa Waziri Gwadabe ya sa a goge ta.

Shi Waziri dattijo ne da ba ya sayen labari sai ya juya abu a hannu. Ya dubi hudar lambar, ya ga ta cinye ta gefe guda. Zaren siliki ba ya cin tagulla haka, sai igiya mai kauri. Bayanta kuma sumul, kamar abin da ya shekara yana gugar gashi. Ya kira alhazai biyu da suka ratsa ƙasar, kowa shi kaɗai. Na farko ya yi ta kame-kame. Na biyu ya yi dariya har da hawaye, ya ce ai a can, a shekarun baya, duk jakin da aka biya wa kuɗin shiga kasuwa, irinta ake ɗaura masa.

Waziri ya auna. In ya faɗa a fili, rawaninsa ya tafi. In ya yi shiru, baƙo zai ga Sarki da kayan jaki, ya kai labari gida.

Da safe ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, in ka rataya lambar wani sarki, jakadansa zai ce bara muke wa ubangidansa. Amma in ya gan ta a wuyan alfadarin da ke ɗaukar maka ruwa, zai san ko wane ne babba."

Wannan magana ta yi wa Sarki daɗi ƙwarai, ya ce a yi haka.

Jakada ya iso, ya ga alfadari a ƙofar fada da tagullar a wuya, ya tsaya yana murmushi. Ya ce rabonsa da irin wannan tun jakunan kakansa, ya yaba wa Sarki da ya san mazaunin kowane abu. Sarki ya amsa yabo, fuska ba ta nuna komai ba. Aka yi zumunci, baƙo ya tafi da farin ciki.

Da fada ta watse, Sarki ya tsayar da Waziri.

"Gwadabe, dama ka sani?"

"Na sani, Allah ya ba ka nasara."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Wuyan Sarki nake tsaro, tare da nawa."

Sarki ya yi dariya har ya dafa ƙirji. Ya yi doka, kowace lamba sai ta bi ta hannun Waziri kafin ta shiga taska. Tankari kuwa ba a ɗaure shi ba, ba a doke shi ba. Aka kwance tagullar daga wuyan alfadari aka rataya masa, aka ce ya ci kasuwa da ita har damina ta faɗi, kuma duk wanda ya tambayi asalinta, ya faɗa masa gaskiya.